Foldar Ƙarshe a Memorin Direba

Tun safe ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai, sai dai ya sa shi tunani. Sufeto na zaune yana kallon ɗigon da ke sauka daga rufin ofis cikin bokitin da aka tara masa, sai Saje ya leƙo.

"Yallaɓai, ga wani tsoho a kanta. Wai an sace masa mata."

"Yaushe rabon da a ganta?"

"Bara ta rasu, yallaɓai."

Sufeto ya ɗago kai. Shi ma tasa ta daɗe da rasuwa, kuma bai taɓa sanin akwai ofishin da ake kai irin wannan ƙara ba. Ya ce a shigo da shi.

Tsohon dogo ne, makaho, 'yarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. Jirgin ƙasa ya tuƙa har ya yi ritaya, sannan ciwon suga ya cinye masa ido. Kowa Direba yake ce masa. Dukkansu sun ɗan jiƙe, tsohon kuma yana ta mita.

"Na ce ki ɗauko lemar uwarki mai kan agwagwa, kin ce kin manta ta a wurin aiki. Wata rana kanki za ki manta a can."

Ya lalubi teburin ya ajiye wata 'yar rediyo mai cin memori, ba ta fi tafin hannu ba, da igiyar iyafis a nannaɗe a jikinta.

"Ka yi haƙuri, yallaɓai," in ji 'yar. "Na faɗa masa ba abin da aka ɗauka. Ga rediyon, ga waƙoƙinsa a ciki."

"Ni na kawo ƙara ko ke?"

Direba ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashin Sufeto.

Ya ce da ciwon matarsa ya yi tsanani, ta san tafiya za ta yi ta bar makaho, sai ta zauna a gaban kwamfuta ta shirya masa wuninsa. Ta raba waƙoƙinsa folda-folda. Ta farko Farkawa, sai Shayi, sai Zafin Rana, sai Ruwan Sama, sai Fushi don ranar da duniya ta ishe shi, sai Barci. Ba ya ganin suna, dannawa yake yi yana bi. A ƙarshen kowace folda ta saka wata 'yar gajeriyar busar sarewa, guda ɗaya ce take maimaitawa, don ya san ya iso tasha.

"Haka ta ce, tasha. Ta san da wanda take."

"Foldar ƙarshe fa?"

"Ita ce. Muryarta. Tana yi min faɗa a kan magani, tana dariya, tana rera wata waƙa da ba ta iya ba. Jiya na yi barcin rana, na farka na kunna, sai na ji an juya min duniya. Na nemi Farkawa, aka ba ni waƙar barci. Kiɗa yana ta gudu ba tasha, kamar jirgin da burki ya tsinke masa. Na danna har ƙarshe. Ba ta nan."

"Akwai kwafinta a wani wuri?"

"Kwamfutar ta lalace tun kafin a yi arba'in," in ji 'yar, tana kallon ƙasa. "Memorin kuma ya hana kowa taɓawa. Ko ni ban taɓa ji ba."

Sufeto ya kalli bokitin. Mutane suna ajiye takardar fili a cikin akwatin ƙarfe, amma abin da ba za su iya rayuwa babu shi ba sai su bar shi a kan wani ɗan abu da bai kai girman farce ba. Shi bai ma yi ko wannan ba. Wani lokaci yakan nemi muryar matarsa a cikin kansa, sai ya tarar da kalmomin suna nan, amma muryarsa ce ke faɗinsu.

"Saje, ɗauko mota."

Gidan Direba ɗaki biyu ne da baranda. A barandar akwai kujeru biyu na katako, sun shafe shekaru a wuri ɗaya har ƙafafunsu sun yi rami a siminti. A kan ta dama wani dattijo siriri na zaune, da tabarau, da littafi a cinya, rigarsa a goge kamar zai je ɗaukar hoto.

"Wannan Malam Shiru ne," in ji Direba. "Maƙwabcina, abokina tun muna samari. Laburare ya yi wa aiki, ya ƙare rayuwarsa yana hana mutane magana. Yanzu Allah ya kama shi, kullum da rana shi ke karanta min littafi."

"Har sai ka yi minshari a kan shafi mafi kyau," in ji Malam Shiru. Muryarsa ƙasa-ƙasa ce, sai an miƙa kunne.

Sufeto ya zare memorin ya ɗaga shi wajen haske.

"Wannan ne na marigayiya?"

'Yar ta matso ta duba. "A'a. Nata akwai ɗigon jan farce a bayansa, ita ta saka. Wannan ɗigonsa kore ne."

"Na mai shagon tura waƙa ne na bakin titi," in ji Saje. "Haka yake sa wa memorinsa alama don kada a dawo masa da jabun wani. Na san shi, ya taɓa cika min waya da waƙoƙin da ko a ɗaure ba zan saurara ba."

Ashe ba gogewa aka yi ba, musanya aka yi. Wannan ya ɗan sanyaya ran Sufeto. Tsohon memorin yana iya kasancewa a wani wuri, in dai ba a wanke shi ba.

"Malam, jiya kana nan lokacin da ya yi barci?"

"Ina nan. Da ya yi nisa na rufe littafi na tafi gida. Na bar shi da 'yarsa."

"Ka iya kwamfuta?"

Malam Shiru ya yi ɗan murmushi. "Ni mutumin takarda ne, Sufeto. Da aka kawo kwamfuta laburare, ta ƙofar gaba ta shigo, ni na fita ta baya."

"Ke fa?"

"Ina gida duk wunin, yallaɓai. Ina guga a ciki. Ban ji shigowar kowa ba."

Ta faɗa da sauri, tana murza bakin mayafinta.

Shagon tura waƙa wani ɗan kango ne tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi. Caja da wayoyi na rataye kamar jijiyoyin bishiya, lasifika na tashi a hankali, ruwan da ke gangarowa a gilashi ya sa mutanen titi suka zama kamar a mafarki ake ganinsu. Mai shagon mutum ne mai ƙiba da yawan fara'a, amma da ya ga kaki fara'ar ta ragu.

"Memorina ne, ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma irinsa kullum ina sayarwa. Yara, mata, dattijai. Ba na tambayar mutum sunan ubansa."

"Ka san gidan Direba?"

"Wane Direba? Ban san kowa a gidan ba."

"Saka shi a kwamfuta mu gani."

Foldojin suka fito a jere: Barci, Farkawa, Fushi, Maimai, Ruwan Sama, Shayi, Zafin Rana. Mai shagon ya leƙa, ya yi tsaki, sana'a ta motsa masa har ya manta da tsoro.

"Wannan ai ba aikin ɗan hannu ba ne. Ka ga irin waɗannan ƙananan rediyoyin, ba ruwansu da suna. Wadda ta fara shiga memori ita za su fara kunnawa. In kana son tsari, sai ka tura folda ɗaya, ka jira ta gama, ka tura ta gaba. Wanda ya yi wannan kuwa ya jera su bisa haruffa, ya tura su a haka. Shi ya sa barci ya riga farkawa."

"Buɗe min wannan, Maimai."

Ya buɗe. Busar sarewa ce, kwafi-kwafi, an tattaro su daga sauran foldojin an jibge a wuri guda. Guda ɗaya tak aka bari a cikin Barci.

"Ikon Allah," in ji mai shagon. "Mu in waƙa ta maimaitu, ko mu bar ta ko mu goge. Wa ke da lokacin gina wa maimai ɗaki?"

Ya danna ɗaya. Sarewar ta fito siririya, ta hau, ta sauko, ta tsaya cak kamar an taka burki a hankali. Sufeto ya ga wata tasha a ransa, ba kowa a dandamali sai wata mata da jaka, ta juya masa baya. Saje ne ya yi tari ya dawo da shi.

"In an wanke tsohon memorin fa?"

"Sai dai haƙuri, ranka ya daɗe. In an tura wani abu a kai, ta tafi ke nan."

Sufeto ya juya zai fita, sai idonsa ya sauka a bayan ƙofa. Wata lema ce a jingine, mariƙinta kan agwagwa.

"Kai da ba ka san kowa a gidan Direba ba, agwagwarsu ta san hanyar shagonka."

Mai shagon ya share gumi a cikin sanyin nan. "Ranka ya daɗe, auren 'yarsa nake nema. Tsoron tsohon muke yi, shi ya sa. Jiya ta zo da rana, mun yi hira, ta manta da ita. Wallahi ba ta zo da rediyo ba."

A ƙofar gidan Direba Sufeto ya miƙa wa 'yar tsohon lemar. Ta karɓa, idonta ya ciko.

"Don Allah kada Baba ya ji daga bakinka."

"Ba ƙarar aure aka kawo min ba. Kin san yadda ake tura foldojin nan?"

"Ina gefenta ta yi, sai foldar ƙarshe ce ta ce in fita. Ɗaya bayan ɗaya take turawa, tana tari, tana jira. Ta ce in na kuskura na hargitsa wa Baba tashoshinsa ba ta yafe ba."

"To jiya wa kika bar wa makaho?"

"Baffa Shiru. Shi ya ce in je in sha iska, zai zauna har in dawo. Da na dawo na same shi a kujerarsa, Baba na barci. Ya ce kowa ya rufe bakinsa, shi ba zai ce na fita ba."

"Mutumin kirki," in ji Sufeto.

A iya aikinsa ya lura, duk wanda ya yi maka alkawarin rufa maka asiri ba tare da ka roƙa ba, nasa yake lulluɓewa da naka.

Ɗakin Malam Shiru katanga ɗaya ce ta raba shi da barandar Direba. Ɗakin mutumin da bai taɓa aure ba ne: gado ɗaya, kofi ɗaya, littattafai daga ƙasa har rufi, kowanne a layinsa bisa haruffa. Har gwangwanayen shayi da sukari a jere suke kamar masu jiran fareti. Ƙamshin tsohuwar takarda da na ruwan sama sun haɗu, hasken taga ya yi fari-fari, ɗakin ya zama kamar ƙasan rijiya mai tsabta. A kusurwa an lulluɓe wani abu mai kusurwa huɗu da zanen tebur.

A bakin ƙofa akwai kwali. Sufeto ya durƙusa ya duba. Littattafai ne, da cokali ɗaya, da tsohon tabarau, da almakashi.

"Zubarwa za ka yi?"

"Ba na zubar da abu. Waɗanda nake da irinsu ne. A laburare in littafi ya zo sau biyu, ɗaya ya hau kanta, ɗayan a ware shi gefe. Ba a barin maimai a cikin layi, yana ruɗa mai nema."

"Haka ne," in ji Sufeto. Ya zauna a bakin gado ba tare da an ce ya zauna ba. "Mun duba memorin nan, Malam. Ni ɓarawon bai ba ni haushi ba kamar yadda ya ba ni kunya. Jahili ne. Matar nan ta yi tsari mai kyau, shi ya zo ya watsa komai kamar akuya ta shiga rumbu. Ya goge abin da bai gane ba, ya zubar da sarewar mutane, ya bar kaya ba kai ba gindi. Da gani bai taɓa riƙe littafi ba."

Saje ya gyaɗa kai. "Irin 'yan tashan nan ne, yallaɓai."

Wuyan Malam Shiru ya yi tsawo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ba a zubar da ko ɗaya ba," ya ce, muryarsa ta ɗan tashi, ƙila karo na farko a rayuwarsa. "Abu ɗaya ne ta saka a kowace folda. An bar ɗaya a layi, an ware sauran a inda ya kamata. Wannan ba hargitsi ba ne, gyara ne."

Ana jin ɗigon ruwa daga indararo.

"Ni ban ce maka a kowace folda take ba, Malam. Kuma Direba bai taɓa ba ka ka saurara ba."

Saje ya ɗaga zanen teburin. Tsohuwar kwamfuta ce, da tambarin laburare a gefenta.

Malam Shiru ya zauna a kujerarsa a hankali, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Bai taɓa ba ni ba," ya ce. "Gaskiyarka."

"Ina memorin? Ka wanke shi?"

"In wanke ta?" Ya kalli Sufeto kamar an zage shi. Ya zura hannu a aljihun ƙirjinsa, ya fito da hankici a ninke, ya buɗe. Ga shi nan, da ɗigon jan farce.

Sufeto ya karɓa.

"Me ya sa?"

"Ni na fara ganinta. Laburare take zuwa aron littafi, ba ta taɓa dawo da shi a kan lokaci ba, ni kuma ban taɓa cin ta tara ba. Na kasa yi mata magana, sai na ɗauki abokina ya raka ni, don shi bakinsa ba ya mutuwa. Ya yi maganar. Ya yi ta sosai." Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Ban yi faɗa ba. Na kama ɗakin nan, na zauna. Tana wanke-wanke tana waƙa, ina ji ta katanga, ya ishe ni. Da ta rasu katangar ta yi shiru. Shi kuma kullum ina gefensa, zai toshe kunnuwansa biyu, in ga yana murmushi, in ga leɓensa na ba ta amsa. Iyafis ɗin nan kunne biyu gare shi, Sufeto. Ko ɗaya bai taɓa miƙo min ba."

"Ka roƙa?"

"Ni Shiru ake ce min."

"Ai da ka kwafa ka mayar masa da nasa. Ba wanda zai sani."

"Da niyyar haka na ɗauka. Da na ji muryarta, sai na ji ba na so mu raba. Na ce shi ma ya ɗanɗana katanga." Ya kalli kwalin bakin ƙofa. "Sarewar ce ta kashe ni ko? Na ga abu ya maimaitu, hannuna ya ƙi bari. Ban san alama ce ba."

"Tasha ce," in ji Sufeto. "Tashi mu je."

Saje ya taɓa ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Malam Shiru ya ɗauki hularsa, ya gyara wani littafi da ya ɗan leƙo daga layi, ya fita a gabansu.

Motar tana ƙofar gidan Direba, dole ta gaban barandar za a wuce. Ruwa ya tsagaita. Direba na kujerarsa, rediyon a cinya. Sufeto ya saka masa memorin a tafin hannu. Tsohon ya shafa bayansa da babban yatsa har ya ji tudun jan farcen, sannan ya zura shi a rediyo.

"Wa ya ɗauka?"

Saje ya ja Malam Shiru suka nufi mota, takalminsa na taɓa siminti a hankali, taka ɗaya, ja ɗaya.

Direba ya karkata kai.

"Na san takun nan," ya ce.

'Yarsa ta rufe baki da mayafi. Malam Shiru ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin mota, bai waiwayo ba.

Direba ya saka iyafis. Ya danna, ya saurara, ya danna, yana wuce tashoshinsa ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshe. Fuskarsa ta saki. Ya daɗe a haka. Sannan ya lalubi gindin igiyar, ya fizge ta daga jikin rediyon, ya murɗa ƙara har ƙarshe.

Muryar wata mata ta cika barandar, da ɗan dishi-dishi, tana cewa ta san bai sha maganinsa ba, kada ya yi mata ƙarya. Ta yi dariya, ta yi tari, sai ta kama waƙa. Gaskiyar Direba, ba ta iya ba.

Ko yafiya ce, ko kuwa so yake ɓarawon ya ji abin da ba zai ƙara ji ba, Sufeto bai sani ba. Ya kalli fuskar makahon, bai ga amsa ba.

Malam Shiru ya shiga mota ya zauna, hularsa a cinya, idonsa a rufe. Saje ya kai hannu ga makulli.

"Dakata," in ji Sufeto. "Sauke masa gilashi. Bari ta gama."